Mutum huɗu, saksafon huɗu, ba ganga ba mawaƙi: me ya riƙe ƙungiyar Raschèr sama da shekara 50?

Tambayar ƙanenmu a taƙaice ita ce, ya ci karo da wani bidiyo a YouTube, Turawa huɗu a tsaye kowa riƙe da saksafon, sunansu Raschèr Saxophone Quartet, ba ganga ba jita ba mai waƙa, kuma abin da suke busawa bai yi masa kama da jaz ba sam, sannan ya ga an rubuta wai tun 1969 ƙungiyar take. Shi ne yake so ya san wane irin kiɗa ne wannan, da me suke cin abinci, kuma ta yaya ƙungiyar mutum huɗu za ta kai waɗannan shekarun ba ta watse ba.

To ƙanena, kunnenka bai yaudare ka ba, ba jaz ba ne. Kiɗan kilasik ne na Turai, ɓangaren da ƴan tsirarun makaɗa ke yi ba tare da madugu ya tsaya gabansu yana kaɗa sanda ba, kowa da takardarsa a gabansa kuma duk sautin da ka ji a rubuce yake, wani ne ya zauna ya tsara shi nota bayan nota. Ƙungiyar mutum huɗu irin wannan ita ake kira kwatet. Amsar sauran tambayoyinka biyu kuma a wajena guda ɗaya ce: waɗannan mutanen sun tarar kayan busarsu ba shi da kiɗan kansa da zai ciyar da su, sai suka mai da neman a rubuta musu sabon kiɗa ya zama shi ne rabin sana'ar. Amma sai na ɗan koma da kai baya kafin ka ga nauyin wannan maganar.

Saksafon yaro ne a cikin kayan kiɗan Turai. Wani ɗan Beljiyam mai suna Adolphe Sax, haifaffen garin Dinant a 1814, shi ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a Paris a 1846. Ka lura da shekarar nan da kyau. Lokacin, cikin manyan mawallafan kiɗan Turai, Bach ya yi kusan shekara 100 da mutuwa, Haydn da Mozart da Beethoven da Schubert duk sun riga mu gidan gaskiya. Wato mai goge na Turai, mai bayolin kenan, in ya haɗa kwatet yau, zai tarar da tulin kiɗan da waɗannan manyan suka bar masa wanda ko zai shekara 40 yana yawo da shi ba zai ƙare ba, kuma jama'a sun san kiɗan, za su sayi tikiti don shi. Mai saksafon bai gaji ko layi ɗaya daga gare su ba. Shi Sax burinsa kayan nasa ya samu kujera a okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗan kilasik mai madugu, amma inda ya samu karɓuwa sosai shi ne badujalar sojan Faransa. Ya yi ƙoƙari kam, abokinsa Jean-Baptiste Singelée ya rubuta kwatet na saksafon tun 1857, shi kuma ya koyar da busar a babbar makarantar kiɗa ta Paris daga 1857 zuwa 1870, sai yaƙi da Furusiya, wata masarautar Jamusawa, ya zo aka rufe ajin, ba a sake buɗe shi ba sai 1942. Shekara 72 babu ajin saksafon a makarantar da ta fi kowacce daraja a ƙasar da aka yi masa rajista. A cikin wannan tazarar ne Amurka ta ɗauke shi, jaz da kiɗan rawa suka mai da shi nasu, har duniya ta manta cewa don wani abu daban aka yi shi. Mu ma nan ai ta wannan hanyar ya iso mana, a hannun Fela da Manu Dibango da ƴan badujalar soja da ƴan sanda, shi ya sa da ka ji na Raschèr ka ji baƙon abu.

Wanda ya tsayar da kwatet ɗin saksafon da ƙafarsa a zamanin nan shi ne Marcel Mule a Faransa, a 1928, shi da abokan aikinsa na badujalar Garde Républicaine. Su suka daidaita tsarin da kowa ke bi yau: sofrano, ƙaramin nan miƙaƙƙe mai siririyar murya, sai alto, sai teno, sai bariton ƙaton da ke riƙe ƙasa. Da farko kiɗan da aka rubuta wa wasu kayan suke juyawa su busa don babu nasu, sai Alexander Glazunov, dattijon mawallafin kiɗa ɗan Rasha da ke zaune a Paris, ya rubuta musu kwatet a 1932, wasu Faransawa suka biyo baya. Riƙe sunan Mule, zan dawo kansa.

Yanzu ga mai gayya mai aiki. Sigurd Raschèr an haife shi a Elberfeld a Jamus a 1907. Kilarinet, wani kayan busa na katako, ya karanta a Stuttgart, saksafon kuwa neman na abinci ne ya kai shi gare shi, don ya samu shiga ƙungiyar kiɗan rawa. Da ya zauna da kayan sai ya ga akwai abin da mutane ba su tono ba a cikinsa. Ya koma Berlin, wani matashin mawallafi Edmund von Borck ya rubuta masa konshato, wato dogon kiɗa na mabushi ɗaya da okestira a bayansa, aka yi shi a 1932 ya ɗauki hankali. Shekara na zagayowa ƴan Nazi suka hau mulki, su kuma saksafon a idonsu kayan jaz ne, kayan baƙaƙen fata, in ka ga fostar baje kolinsu ta 1938 a Düsseldorf kan abin da suka kira gurɓataccen kiɗa, zanen cin mutunci ne na baƙin mutum yana busa saksafon. Raschèr ya bar Jamus ya koma koyarwa a Kofenhagen da Malmö, daga can ya wuce Amurka, a 1939 ya busa da okestirar Boston da ta Niyok, ya yi zamansa a wata gona a ƙauyen Shushan a jihar Niyok har rasuwarsa a 2001.

Halinsa ɗaya ne nake so ka kama, don shi ne gadon da ya bar wa ƙungiyar: naci. Mutumin nan in ya ji mawallafi mai kyau, zai bi shi har gida da saksafon ɗinsa, ya busa masa a falo, ya ce ka ji abin da kayan nan zai iya, rubuta min. Glazunov da kansa ya faɗa a wata wasiƙa cewa konshaton da ya rubuta a 1934 matsin lambar Raschèr ce ta sa, don abin ya wuce roƙo ya koma farmaki. An fara busa shi a Nyköping a Suwidin a Nuwamban 1934, Glazunov ya rasu 1936, kuma yau babu ɗalibin saksafon na kilasik a duniya da zai gama makaranta bai ratsa ta cikinsa ba. Haka ya samu na Lars-Erik Larsson a 1934, na Jacques Ibert a 1935, na Frank Martin a 1938, na Ingolf Dahl a 1949. Wallahi in ka cire abin da nacin mutumin nan ya haifar, manhajar saksafon ta makarantu za ta rame sosai.

Abin da yake nuna musu a falon shi ne tsawon muryar kayan. A ƙa'idar maɓallansa, saksafon oktab biyu da rabi yake da shi, oktab kuwa tazarar nota takwas ce daga do zuwa do na sama, daga nan ya tsaya. Raschèr ya kai shi huɗu. Bari in nuna maka yadda ake yi don abu ne da duk wanda ya taɓa riƙe kayan zai iya gwadawa. Ka rufe dukkan maɓallan, ka busa notar da ta fi kowacce ƙasa. Kar ka motsa yatsa ko ɗaya. Ka ɗan ɗaga bayan harshenka, ka canza yanayin maƙogwaro kamar mai shirin yin fito, kuma tun kafin ka busa ka riga ka ji sautin da kake nema a cikin kanka, sai ka ji kayan ya yi tsalle zuwa oktab na sama, ka ƙara ya hau wani sautin sama da shi, ka ƙara ya hau wani, yatsu na nan inda suke. Sabon shiga zai yi ta cije bakin busar yana samun ƙara kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba, don ba a haƙori abin yake ba, a kunne da maƙogwaro yake, kuma yana cin watanni kafin ya zauna. Raschèr ya rubuta ɗan littafin atisaye kan wannan a 1941 wanda har gobe ana amfani da shi. A lokacin wasu na ganin dabo ne kawai na burge jama'a, yau kuwa duk ɗalibi dole ya iya.

A 1969, yana da shekara 62, lokacin da wani zai fara tunanin ajiye aiki, shi ya kafa kwatet. Shi a alto, ƴarsa Carina Raschèr a sofrano, sai ɗalibansa biyu, Bruce Weinberger a teno da Linda Bangs a bariton. Uba da ƴa da almajirai biyu, kuma ka lura mata biyu maza biyu tun a wancan lokacin, mace ce ma ke ɗauke da ƙaton bariton. Daga baya ƙungiyar ta kafa sansaninta a Jamus, ƙasar da ya bari, kuma a can take har yanzu.

Sautin da ya ba ka mamaki ba haɗari ba ne, zaɓi ne. Suna busa tsofaffin saksafon na kamfanin Buescher na garin Elkhart a jihar Indiyana, ƙirar kafin yaƙin duniya na biyu da kewayensa, kamfanin ma tun 1963 kamfanin Selmer na Amurka ya saye shi. Amma babban sirrin yana bakin busar, ɗan baƙin abin nan da ake sa wa a baki wanda ake ɗaure siririn kara a ƙasansa. Na masu jaz da na zamani cikinsa a matse yake, iska na fita da ƙarfi, sautin ya fito da kaifi ya keta ganga da jita. Na su Raschèr cikinsa faffaɗa ne a zagaye, irin wanda Sax ya zana tun farko, sai sautin ya fito da duhu da laushi, ba ya sara. Kuma ga amfanin hakan a kwatet: kaifi ke sa kunne ya rarrabe wannan mabushi da wancan, in babu shi sai muryoyi huɗu su narke su zama ɗaya, ka rasa inda teno ya tsaya da inda alto ya ɗauka.

Narkewar nan fa aiki ce ta shekaru, ba kaya kaɗai ba. In ka shiga rihazal na kwatet mai kyau za ka iya tarar da su sun tsaya kan sauti ɗaya tak na haɗin murya huɗu na tsawon lokaci. Bariton ya fara, ya riƙe. Wanda ke da nota ta biyar in an ƙirga daga ta bariton ya shigo ya daidaita har wannan ɗan rawar da ake ji tsakanin sautuka biyu da ba su daidaita ba ta lafa. Sai mai nota ta uku, shi kuma dole ya ɗan sauko da ita ƙasa da inda fiyano zai buga ta, kaɗan ƙwarai, da leɓe da maƙogwaro, kuma da ta faɗa gurbinta za ka ji ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki amo kamar an ƙara mutum na biyar. Fiyano ba zai iya wannan ba don wayoyinsa a ɗaure suke, mabusa da mawaƙa da masu goge ne ke iyawa. Sannan tun da babu madugu, shigowa tare da numfashi ake yi, wanda zai ja gaba a wurin ya ɗan ɗaga kayan ya ja iska, sauran ukun su ja tare da shi. Su Raschèr ma sun sha bayyana cewa ƙungiyarsu ba ta da shugaba, kowa da bakin magana, wanda a aikace yana nufin gardama mai yawa kan ƙananan abubuwa, amma kuma ba mai jin shi ɗan aikin wani ne.

To sai batun kiɗan kansa, inda na ce nan ne zuciyar maganar. Abin da dattijon ya yi shi kaɗai a shekarun 1930, ƙungiyar ta ci gaba da yi mutum huɗu, har ayyukan da aka rubuta musu suka haura 300. Ba ƙananan mutane ba kuma. Tristan Keuris na Holan ya rubuta musu a shekarun 1980, ciki har da konshato na kwatet da okestira. Iannis Xenakis, Bagirken nan da injiniya ne kuma mai zanen gine-gine kafin ya zama mawallafi, ya ba su XAS a 1987. Franco Donatoni na Italiya ya rubuta Rasch a 1990. Charles Wuorinen na Amurka a farkon shekarun 1990. Sofia Gubaidulina a 1994 ta haɗa su da makaɗan ganguna shida a In Erwartung. Philip Glass a 1995. Kalevi Aho na Finlan a 2008, Fazıl Say na Turkiyya a 2015.

Na Xenakis da na Glass su ne gefe biyu na aikinsu, kuma ina ganin duk biyun suna da muhimmanci ta fuska daban. XAS bai kai minti 10 ba amma yana da tsauri, ana busa sautuka biyu ko uku a lokaci ɗaya daga kaya ɗaya ta hanyar yatsun da ba na ƙa'ida ba, sautin ya fito a tsage da gurnani, sannan a haura can ƙololuwar da Raschèr ya buɗe hanyarta, mutum huɗu a sama a matse da juna har kunne ya fara jin wasu sautuka da babu mai busa su. Da babu wannan atisayen na 1941 babu wanda zai rubuta irin wannan, don babu mai busawa. Wannan aikin shi ya sa masu kiɗan zamani na Turai, waɗanda ke wa saksafon kallon kayan gidan rawa, suka daina ɗaga hanci. Na Glass kuwa mai daɗin kunne ne, kashi huɗu, kowane kashi ana fito da ɗaya daga cikin mabusan gaba. Kuma yana da siga biyu, akwai wadda ake yi da okestira akwai wadda mutum huɗun za su yi su kaɗai. Ka ga hikimar kasuwa a nan ko? Babban birni mai okestira su je da babbar siga, ƙaramin gari mai coci ɗaya da kujera 200 su je da ƙaramar, aiki ɗaya ƙofa biyu. Sun zaga da shi sosai, kamfanin Nonesuch ya fitar da faifansa a 1998 tare da okestirar Stuttgart ƙarƙashin Dennis Russell Davies, kuma ta nan mutane da yawa suka fara jin sunansu.

Wata ƙofar da suka buɗe wadda ni ta fi taɓa ni ita ce haɗuwa da kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa masu haɗa murya. Saksafon mai wannan laushin yana zama cikin muryar ɗan adam har ka kasa gane wane ne ke waƙa wane ne ke busa. Giya Kancheli na Jojiya ya rubuta Amao Omi a 2005 don su da kwayar Nederlands Kamerkoor ta Holan, Mauricio Kagel ma ya yi musu aiki da kwaya kan ƙirƙire-ƙirƙiren Adolphe Sax kusan lokaci guda, Lera Auerbach ta biyo da 72 Angels a 2016. Da kaifin sautin jaz wannan haɗin ba zai yiwu ba, busar za ta danne mawaƙan. Wato zaɓin bakin busar da wasu ke wa kallon tsohon yayi shi ya samo musu wani fagen aiki sabo ful.

Yanzu kuɗi, tun da ka tambaya kai tsaye. Ba da faifai suke ci ba, faifan irin wannan kiɗan ko a zamanin sidi shaida ce da talla, ba jari ba. Abincin yana zuwa ne daga kuɗin wasa, wato zauren kiɗa ko bikin kiɗa ko okestira ta gayyace su ta biya, sai koyarwa, a makarantun kiɗa da kuma taron bita da suke shirya wa matasan mabusa. Zamansu a Jamus ba banza ba ne. Ƙasar tana da okestirori sama da 100 da gwamnatocin jihohi da birane ke ɗaukar nauyi, gidajen rediyon gwamnati irin su WDR da SWR suna da okestira da kwaya nasu na kansu kuma suna kashe kuɗi kan sabon kiɗa, ga Holan da Suwidin da Finlan da Ostiriya a kusa masu irin wannan tsarin. Shi mawallafi kuma yawanci ba daga aljihun mabusan ake biyansa ba. Kwatet ɗin ne ke shawo kansa ya yarda, sannan a nemo biki ko okestira ko gidauniya da za ta biya ladan rubutun, wani lokaci okestirori biyu ko uku na ƙasashe daban su yi karo-karo, kowacce ta samu damar cewa ita ta fara gabatar da aikin a ƙasarta. To ka duba abin da wannan ke haifarwa: aiki ɗaya sabo ya zama wasa uku ko huɗu, kuma tun da su aka rubuta wa, su za a kira. Okestira ba ta da dalilin gayyatar mutum huɗu masu saksafon in babu konshaton da za su busa, saboda haka duk konshaton da suka sa aka rubuta, kujera suka sassaƙa wa kansu a dandalin da da babu su a ciki. Shi ya sa na ce maka abincinsu da daɗewarsu abu ɗaya ne.

Daɗewar kuma tana da ɓangare na biyu, yadda suke sauya mutum. Dattijon ya ajiye a 1981 yana da shekara 74, John-Edward Kelly ya karɓi alto, bayan kusan shekara 10 Harry White ya gaje shi, sai Elliot Riley daga 2001. Linda Bangs ta bar bariton a farkon shekarun 1990, Kenneth Coon ya riƙe ta har rasuwarsa a 2019. Carina ta miƙa sofrano ga Christine Rall a 2002. Bruce Weinberger shi ne na ƙarshe cikin ƴan asali, ya yi shekara 45 a teno kafin Andreas van Zoelen ɗan Holan ya karɓa a 2014. Duba jerin shekarun nan, ɗaya bayan ɗaya ake fita, sabon da ya shigo kullum yana tarar da mutum uku da sautin ya riga ya zauna a kunnensu, kuma galibi shi ma a wannan makarantar ta Raschèr ya taso, da irin kayan da irin bakin busar. Yau babu ko ɗaya daga cikin mutanen 1969 a ciki amma in ka sa tsohon faifai da sabo za ka ji dangi ne. Nan ne bambancinsu da na Mule. Mule gwani ne na gaske, ɗalibansa sun cika duniya, amma kwatet ɗinsa a kansa yake tsaye, da ya yi ritaya a ƙarshen shekarun 1960 ƙungiyar ta tsaya. Su biyun, Mule da Raschèr, a shekara ɗaya suka rasu, 2001, Mule yana da shekara 100.

Kar kuma ka ɗauka kowa a duniyar saksafon ya yarda da su. Yawancin mabusan kilasik yau tafarkin Faransa suke bi ko na Amurka, da sabbin kayan Selmer ko Yamaha ko Yanagisawa, sauti mai haske, yatsu masu gudu. Suna cewa sautin Raschèr ya yi duhu da yawa, tsofaffin kayan kuma maɓallansu ba su da daɗin hannu. Maganar maɓallan gaskiya ce, duk wanda ya riƙe tsohon Buescher ya san ɗan yatsan hagu na shan wahala. Wasu almajiran makarantar Raschèr su ma sukan wuce gona da iri, su riƙa magana kamar duk wanda bai busa irin nasu ba ya ɓata. Ni ban tare da su a nan. Kwatet ɗin Habanera na Faransa da PRISM na Amurka, wanda aka kafa a jami'ar Michigan a 1984 kuma shi ma ya sa an rubuta ayyuka masu ɗimbin yawa, suna yin abin da na Raschèr ba za su yi ba, kuma kiɗan Faransa mai sauri da walƙiya ya fi zama a bakinsu. Sannan cikin ayyuka 300 ɗin nan, da yawa an busa su sau ɗaya ko biyu sun koma durowa, haka sabon kiɗa yake a ko'ina. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne nawa ne wasu ƙungiyoyin suka ɗauka suna busawa ba tare da su ba, kuma a nan sun ci, don XAS da Rasch da konshaton Glass yanzu ɗalibai ne ke shiga gasa da su daga Tokiyo har Amstadam. Matashin da ya haɗa kwatet yau ya tarar da gadon da mutanen 1969 ba su tarar ba, kuma kaso mai tsoka daga hannunsu ya fito.

In za ka saurara, kar ka fara da Xenakis, zai iya korarka. Fara da Bach ɗinsu, suna busa sassa daga Die Kunst der Fuge, aikin da yawancinsa Bach bai ƙayyade kayan da za a buga shi da su ba, kuma murya huɗu ne, ya zauna musu daidai. Sa abin kunne, kar ka bi sofrano duk da ita kunne ke fara kamawa, ka nemo bariton a ƙasa ka bi ta daga farko har ƙarshe, sannan ka maimaita ka bi teno. Bayan nan ka je na Glass, kashi na biyu yana da sauri da ɗan ƙamshin jaz, zai yi maka sauƙin shiga. Sai Amao Omi na Kancheli da ke faifan kamfanin ECM, wannan yana son wuri shiru don akwai inda sautin ke sauka ƙasa ƙwarai, a cikin hayaniyar mota ba za ka ji rabinsa ba. In waɗannan ukun sun zauna maka, to ka buɗe XAS, kuma ka ba shi sauraro fiye da ɗaya kafin ka yanke masa hukunci.